Ƙafar Manya a Motar Asibitinmu

Mai karatu, in a makon jiya ka ga wani mai furfura yana bin taya da gudu a gangaren kasuwar 'yan taya, hula a hannu, yana roƙon a tare masa, to ba mahaukaci ba ne, ni ne. Tayar ta kuɓuce min tun daga saman gangare, ta tsallake kwata, ta ratsa tsakanin masu babur biyu, ta je ta kwanta a kan teburin mai kankana. Na sha zagi a wurin wanda na haifi kamarsa, na kuma ci kankanar da ban yi niyyar saya ba. Abin haushin shi ne ni ko keke ban mallaka ba. Tayar ta hukuma ce.

Bari in faro maka daga tushe. Yayana magini ne, kuma da tsaninsa gidansa ke ci. Kwanakin baya ya zamo daga kan tsanin a wurin aiki, ƙashin ƙugunsa ya tsage. Likitan ƙashi na babban asibiti, can ɗaya ƙarshen gari, ba kullum yake zama ba, sai lokaci zuwa lokaci. Da ƙyar muka samu ya sa mana rana, ya ce a kawo shi da safe, a kwance, kada a kuskura a naɗe shi a kujerar mota. Ya kuma faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in aka yi jinkiri ƙashin zai haɗe a karkace, kuma maginin da ƙugunsa ya karkace ya yi sallama da tsani.

Ban damu ba, don muna da motar ɗaukar marasa lafiya a ƙaramin asibitin unguwarmu. Bara Mai Girma Mai Almakashi, gwanin yanka ƙyallen buɗe ayyuka, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya ba mu ita kyauta da kuɗinmu. Direbanta kuwa maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya. Na same shi a ƙofar gida yana wanke ƙafa, na ce, "Maƙwabci, ranar Yaya ta kusa, kai za ka kai mana shi."

Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe rabonka da asibitin?"

"An ɗan kwana biyu."

"To je ka gaishe ta. Tana nan a kan bulo."

Na je na gani da idona. Mota fes, fentinta na ƙyalli, ƙafa uku a ƙasa, ta huɗun an jera mata bulo. Tayoyin da suka rage kuwa ban taɓa ganin irinsu a motar asibiti ba. Wilin, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai, ƙato ne mai walƙiya kamar faranti na gidan amarya, robar kuma siririya, sai ka ce kwalli aka zizara masa.

Direba ya ba ni labarin. Ashe da tayoyinta na Allah da Annabi ta zo, masu kauri, irin waɗanda kowane mai faci ya sani. Ana gobe bikin miƙa ta aka ajiye ta kusa da motar Mai Girma don a gwada yadda hoto zai fita. Mai Girma ya tsaya ya dubi tasa, ya dubi tamu, ya ce, "Wannan me ya sa ta durƙusa?" Shi ke nan. Kafin gari ya waye an cire mata ƙafafunta an sa mata irin na motarsa, inci ashirin da biyu, don kada a ce aikin Mai Girma ya fito gajere a jarida.

"Na asalin fa?" in ji ni.

"An kai sito."

"To a ɗauko mana."

"Sito ya ce sun fita."

"Safaya fa?"

"Ta bi 'yan uwanta."

Wanda ya yaga tayar ƙafa ta huɗun kuwa ba baƙo ba ne. Ramin nan ne na ƙofar asibiti, wanda ya girmi autana, wanda Mai Girma ya yi alkawarin cikewa tun yana neman ƙuri'a. Siririyar taya ta faɗa ciki, bakin kwalta ya tsarge ta ta gefe. Mai facin unguwa ya juya ta, ya zura hannunsa ta yagar har wuyan hannu, ya ce in yi haƙuri, shi faci yake yi, ba ɗinki ba.

Kafin in shiga kasuwa sai da na bi ta ofis, don ni mutum ne mai bin doka. Na samu Ranka Ya Daɗe Babban Jami'in Kula da Abubuwan da Ke Tsaye, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce an riga an kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya sha lemo, ya kai wa ramin ziyara, ya auna zurfinsa, ya kuma gano cewa ramin ba shi da laifi, tunda yana wurinsa motar ta je ta same shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu 'yan unguwa mun yarda mu haɗa hannu mu sayo ƙananan wili huɗu na hannu da tayoyinsu, irin na kowa, a ɗaura mata ta tashi." Mutumin nan ya dafe ƙirji kamar na zagi iyayensa. Ya ce ƙafar da Mai Girma ya zaɓa da kansa ce zan rage wa tsawo? Duk direban da ya taɓa ta, a bakin aikinsa. Amma in mun samo irinta sak, hukuma ba za ta hana ɗan ƙasa nuna kishi ba.

Kishin ne ya kai ni kasuwa, ina mirgina yagaggiyar taya shago shago. Na farko ya karanta lambar da ke jikinta, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani, shi ma ya kira nasa. Na zama abin kallo.

"Baba, wannan ta jirgin sama ce?"

"Ta motar asibiti ce, ɗana."

"Wane asibitin? Na masu rawa?"

Wani ya ce yana da wadda ta fi ta kaɗan, ya jawo min ta tarakta. Wani ya rantse zai gasa ƙarama a wuta ya ja ta har ta shiga, in dai ba zan riƙe sunan shagonsa ba. Wani mai sanyin baki ya zaunar da ni a benci, ya ce zai yi min odarta daga waje, jirgin ruwa zai kawo. Na tambaye shi yaushe. Ya ce wannan sai dai a tambayi ruwa.

Amma na ƙaru, ba zan ɓoye ba. A wuni ɗaya na zama malamin babbar ƙafa. In wili ya girma, roba ce ke ragewa, don gurbin taya a jikin mota ba ya faɗaɗa saboda girman mai ita. In roba ta rage, babu abin da zai shanye duka, duk tsakuwar da aka taka sai ta isa bayan wanda ke kwance a ciki. Ga shan mai, ga tsada, ga wili da ke lanƙwashewa in ya gamu da rami, ga shi in ta fashe sai ka yi yawon duniya. Na tambayi wani tsohon dillali, to mene ne amfaninta? Ya sosa gemu ya ce, "Tana kyau a hoto." Ya ƙara da cewa a iya saninsa mota ɗaya ce tak a garin nan ke saka irinta, kuma mai ita ba ya zuwa kasuwa.

Na haƙura. Na je na roƙi mai motar burodin layinmu, ya yarda zai fitar da katakan burodinsa mu shimfiɗa katifa, ya kai mu da sassafe kafin ya fara rabo. Yaya ya ce ba komai, shi ko a baro ne a tura shi, in dai zai koma kan tsaninsa.

Ranar ta zo. Mun fito da katifa ke nan sai ga Direba da gudu, yana haki, fuskarsa kamar an yi masa haihuwa.

"Maƙwabci, mota ta tashi! Ƙafa huɗu cif."

Ya ce da asuba wasu mutane suka zo da taya sabuwa dal suka ɗaura, wai Mai Girma zai biyo ta asibitin yau ya duba ayyuka. Na dubi motar burodi, na tuna maganar likita, na tuna motar asibiti tana da gado da jiniya. Na yi wa mai burodi godiya na sallame shi. Ko kai ne, mai karatu, abin da za ka yi ke nan.

Muka ɗauki Yaya a kan katifa, mu huɗu, har ƙofar asibiti. Wani mai sheƙin goshi ya tare mu, jaka a hammata, waya biyu a hannu. Wannan shi ne Mai Riƙe da Jakar Mai Girma. Da ya ga Yaya sai ya washe baki.

"Mara lafiya ne na gaske? Kai, Allah ya kawo ku. Da ma mai gadi muka shirya za mu kwantar. Ku shigar da shi."

Muka shigar da shi. Na ce Direba ya kunna mota. Mai Jaka ya ɗaga hannu, ya ce haba Malam, Mai Girma na hanya, ya za a yi ya zo duba mota ya tarar ba ta nan? Minti kaɗan ne. Na ce likita na jiranmu. Ya ce likitan ma ai a ƙarƙashin Mai Girma yake.

Ka san minti kaɗan na manya. Inuwar katanga ta janye ta bar mu a rana. Cikin motar ya ɗau zafi, Yaya na zufa, ina yi masa fifita da kwali. Sau nawa ina zuwa wurin Mai Jaka, kullum amsarsa ɗaya: sun taso. Direba ya riƙe makulli yana kallon ƙasa, ga tausayinmu, ga tsoron aikinsa, ni kuma ban iya ce masa ya zaɓa ba.

Sai can jiniya ta cika unguwa. Motoci suka jeru, kowacce ta kauce wa ramin nan cikin ladabi. Mai Girma ya sauko, ƙamshinsa ya riga shi isowa, ya hau motar, ya kama hannun Yaya.

"Baba, ya jiki?"

Yaya ya buɗe baki zai amsa, Mai Girma ya riga ya juya wa mai hoto fuska. Mai hoto ya ce mara lafiyan ya ɗan saki rai, fuskarsa na ɓata aiki. Yayana, wanda ya goya ni ina yaro, yana kwance da tsagaggen ƙashi ya yi musu murmushi, don yana ganin in ya yi za a bar mu mu tafi. Aka tafa. Mai Girma ya yi jawabi cewa daga yau babu ɗan unguwar nan da zai sake makara zuwa asibiti. Aka sake tafawa, har da ni, Allah ya yafe min.

Suna juyawa na ce, "Maƙwabci, bismilla." Ya zura makulli. Sai na ji motar ta karkata gefe guda, Yaya ya yi ƙara ya riƙe ƙarfen gado. Na leƙa ta taga. Mutum biyu ne a durƙushe, sun kafa jak, suna kwance tayar, na ukunsu na jawo bulo.

Na diro. "Me kuke yi haka? Akwai mutum a ciki."

Mai Jaka ya dube ni da mamaki na gaskiya, ba na wasa ba.

"Malam, safayar Mai Girma ce fa. Aro muka yi. So kake ya kama hanya ba safaya, a kan waɗannan titunan naku?"

Na ja gefe. Wallahi a rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba. Suka mirgina tayarsu, kuma tsakani da Allah sun fi ni iya mirginawa, ba ta kuɓuce musu ba.

Mai burodi ya yi nisa da rabo, sai da ya gama ya dawo ya ɗauke mu. Muka isa babban asibiti rana ta karkata. Ma'aikaciyar jinya ta ce likita ya jira, ya kira sunanmu, ya ɗauki na bayanmu, ya gama ya tafi. Ta ba mu wata ranar, can gaba, nesa da inda likitan ya ce ƙashi zai iya jira. Muka juyo gida. Muna shiga layinmu Yaya ya ce in gaya wa abokin aikinsa ya zo ya ɗauki tsanin, kada ya lalace a rana. Na juya fuskata wajen katakan burodi na share hawaye.

Shekaranjiya aka wayi gari an manna manyan hotuna a duk bangon unguwa. Ga Mai Girma, ga motarmu a tsaye da ƙafa huɗu, ga Yaya yana murmushi, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa wani dattijo ya isa asibiti a kan lokaci. Mutane har gida suke zuwa yi mana barka. Da labari ya kai wa Yaya a kan katifarsa, sai ya kira ni.

"Ƙanena, je ka ɓamɓaro min guda ɗaya, in ga yadda na isa."

Na ɓamɓaro masa. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, mai hoton nan ya iya aikinsa. In ka ga Yaya a ciki sai ka rantse ya warke.