Huɗubar Leda a Gidan Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Sani a Tsiga ba, ko na so ma 'yan gidanmu ba za su bari ba.

Da aka buɗe filayen jirgi bayan kullen korona, na sayar da waken suyata na tafi yawon buɗe ido Kigali. Tun a filin jirgi suka karɓe ledar da na ƙunso kilishi a ciki. Gari fes, ko ɓawon gyaɗa ba ka gani a titi. Na dawo da hotuna, da kwalin baƙin takunkumi mai zanen ɗan jirgi a gefe, da kuma baki.

Don kada in shafa wa iyalina wani abu a Funtua, sai na killace kaina a shagon ƙofar gidan Yaya (iyalinsa kuwa, na bar su da Allah). Tsoron cuta ya sa kullum ina canza takunkumi. Tsohon sai in goge maiƙon ƙosai da shi, in cilla ta taga. Inda yake faɗawa ban taɓa leƙawa ba. Ashe nan ne turken ragon da Yaya yake kiwo don sunan ɗansa na fari.

Rago ya shiga ramewa. Dusa, harawa, kanwa, ba abin da ba a ba shi ba. Yaya ya damu ƙwarai, don surukansa na Gozaki za su zo, ga rago duk haƙarƙari a waje.

"Kai da ka zaga duniya, me ke damun dabbar nan?" in ji shi.

"Leda ce, Yaya. Ƙazantar mutanenmu ce kawai," na ce, ko shakka babu.

Ranar suna, an shafa fatiha ana rabon goro, sai surukin Yaya, dattijo mai farin gemu, ya sha ruwan leda ya yar da ledar. Nan fa huɗuba ta motsa.

"Alhaji, da a Kigali ne da an ci ka tara! Irin wannan ce ta tsotse ragon nan. Ku taso ku gani da idonku."

Ni da kaina na jawo jama'a wurin fiɗa (wannan ne ya fi ci mini rai). Mahauci ya farka tumbi, ya zaro wani baƙin dunƙule, ya ɗauraye a bokiti, ya ɗaga sama.

"Ikon Allah! Wannan ledar har da igiyar kunne."

Ga ɗan jirgi nan raɗau a gefe. Ga kuma ɗan'uwansa manne a fuskata. Mahauci ya ci gaba da zarowa.

Alhaji ya dube ni a natse ya ce, "Malam, ashe har da ragon kuka je Kigalin?"

Wuri ya kaure da dariya. Yaya kaɗai bai yi ba. Naman bai kai rabo ba, shi ya bi maƙwabta yana ba da haƙuri.

Har yau na tsani leda, kuma gaskiyar mutanen Kigali tana nan. Amma yanzu duk lokacin da na ji huɗuba na taso mini, sai in fara zagayawa in leƙa bayan tagata tukuna.