Kafaɗun Mutumin Gabana

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Kuala Lumpur ba, ni da duk 'yan Najeriyar unguwar Bukit Jalil suka sallama wa a fagen ban dariya. Ba yabon kai ba, in na buɗe baki a kantin mamak, wato gidan shayi da abinci na Indiyawan garin, har masu soya gurasar roti sai sun dakata (ba sa jin Hausa, amma jikinsu yana ba su an yi abu).

Mutum ɗaya ce ta gagare ni, matata Maman Amira. Mahaifinta ya rasu a Kano muna tsakiyar kullen korona. Babu jirgi, babu fita. A waya aka nuna mata makara, a waya aka yi mata gaisuwa. Ko matan 'yan uwanmu da ke hawan sama ba su samu damar saukowa su zauna da ita ba. Tun daga nan ta yi shiru. Ta dafa abinci, ta yi wa yara karatu, ta koma bakin taga. Na kwaikwayi muryar mai gidan hayarmu, na ɗaura ɗankwalinta na yi rawa da tsintsiya, abin da nake samu kawai shi ne, "Sannu, Baban Amira."

Da aka sassauta doka, wani abokin karatuna ya ba ni labarin wani wasan barkwanci da ake kwaikwayon shahararrun wasannin waƙa da rawa na Turawa, ana yi musu shaƙiyanci. Na ce magani ya samu. Na lallaɓa ta, muka bar yara wurin maƙwabta, muka tafi wasan la'asar.

Sai da aka fara na gane kuskurena. Ba a dariyar kwaikwayo sai an san na asali, ni kuwa ilimina a harkar waƙa da rawa bai wuce fina-finan Indiya da na kalla ina saurayi ba. Wata ta fito da laima ta faɗi kalma ɗaya, zaure ya ɗauka, ni ban ga abin dariya ba. Ga kowa da takunkumin fuska, an bar kujera babu kowa tsakanin kowane mutum biyu, har ni da matata. Ga tabarauna sun yi hazo da numfashina.

Sai na yi dabara. Akwai wani ƙaton mutum a gabana, na kafa wa kafaɗunsa ido. Da sun girgiza sai in saki dariya, in waiga in ga ko ta kama Maman Amira. Ba ta kama ta ba, amma ni na ji daɗin tsarin, har na fara ganin kaina masani.

Can wajen ƙarshe aka rage fitilu. Wani mai gemu da ya yi ta tsalle cikin rigar sarauniya ya fito shi kaɗai, da rigar a jikinsa, ya fara waƙa a hankali da harshen Malay (Malay ɗina ya ƙare a sayen abinci). Kafaɗun mutumina suka fara rawa fiye da kowane lokaci. Na ce to, nan ne ƙololuwar wasan. Na buga cinya, na saki dariyar da nake ji da ita, irin wadda in na yi a hawa na goma ake ji a wurin ajiye motoci.

Ni kaɗai na yi ta.

Mai waƙa ya sarƙe. Mutumina ya juyo, takunkuminsa sharkaf da hawaye. Na goge tabarau, sai ga hotuna a bangon dandali: abokan aikin 'yan wasan da iyayensu da cutar ta ɗauke. Don in rufa wa kaina asiri sai na mayar da wutsiyar dariyar tari. A lokacin korona. Layi uku suka dare kamar an jefa maciji, wata ma'aikaciya ta zo da fitila, cikin ladabi ta nuna mana ƙofa. Matata ta ɗauki jakarta ta biyo ni, waƙar na ci gaba a bayanmu.

Tun ranar na koyi cewa in ban san abin da ake wa dariya ba, in riƙe tawa sai na isa gida.

A jirgin ƙasan komawa gida na ga idanunta sun yi ja. Na matso na ce, "Maman Amira, wallahi na ɗauka..."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Tun da Baba ya rasu, yau ne na fara samun mutanen da zan zauna in yi kuka tare da su. Kai kuma ka sa aka kore mu."