Gaida Suruki a Kan Baƙin Daɓe

Ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar korona ba, lokacin da kowa ya rufe hanci da baki da ƙyalle, har mai zemijan, wato ɗan acaɓan unguwarku, ba ka gane shi sai ya yi magana. A wannan bazarar ce na gasa ƙafafuna da kaina, a gaban surukina, da rana tsaka.

Ni ɗan mahauta ne. A kan teburin nama na tashi a Guéma, nan Parakou. Surukina kuwa, Alhaji, dillalin shanu ne a Djougou, kuma ya ba ni 'yarsa Hajara ne yana ganin wuƙa a hannuna. Da na doshi arba'in kasuwa ta juya mini baya, sai na ajiye wuƙa na ɗauki cokalin gini. Alhaji bai ce na yi daidai ba, bai kuma ce na yi kuskure ba. Duk sa'ad da muka je gaishe shi, sai ya dube ni ya ce, "Magini, yaya siminti?" da irin muryar da ake tambayar jikin majinyaci. Ba abin da nake so a duniya irin ranar da zai yi wannan tambayar da wata muryar daban.

Allah Ya haɗa ni da Maigida Bukari, mutumin da duk arewacin ƙasar nan in an yi maganar daɓen bakin pisin shi ake nema. (Pisin shi ne tafkin wanka na otal. Ni ma sai da na fara aikin na san akwai masu biyan kuɗi don su shiga ruwa, alhali ba dauɗa ce a jikinsu ba.) Gajere ne, maganarsa kaɗan ce, kuma ya girme ni da shekaru kaɗan, amma Dattijo yake kirana, don duk cikin masu koyo a hannunsa ni kaɗai ke da furfura. Na saba da wannan. Ajin koyon karatu na manya da nake zuwa yanzu ma haka ne, ni ne babba.

Korona ta kori baƙi, sai mai wani otal da ke wajen Gare, tashar jirgin ƙasa, ya ce tunda ba kowa, a sabunta daɓen da ya kewaye pisin ɗinsa. Rana ta ci daɓen nan ƙwarai. Ya tsattsage ya yi ɓawo kamar diddigen da ya yi faso.

Wanda bai ga Maigida Bukari yana aiki ba, bai san siminti na jin magana ba. Sai mun sassaƙe duk inda ya yi ƙwal-ƙwal in an buga, mu wanke tsohon daɓen tas, mu jiƙa shi tun da yamma don kada ya tsotse ruwan sabon kwaɓi. Zubi kuwa daga sallame sallar asuba ne. Yakan ce, "Rana ma ma'aikaciya ce a nan. In ta riga ka zuwa, ita za ta gama aikin, kuma ba za ka so hannunta ba." Yakan karkata daɓen kaɗan, yadda ido ba ya gani amma ruwa ya gani, don ruwan ƙafa ya gangara waje maimakon ya koma cikin pisin. Kafin siminti ya kama sai ya ja masa tsintsiya a hankali, ya bar kaushin da zai riƙe jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ya kuma yanka layuka nan da can. Na taɓa tambayarsa dalilin ɓata aiki mai kyau da yanka, ya ce, "Tsagewa dai zai yi, Dattijo. Gara ka nuna masa wuri da ya zaɓa da kansa." Bayan haka sai a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma kamar shuka.

Abu biyu ne kawai ban tambaya ba, kuma su ne suka ci ni. Na farko, kullum da farin siminti da yashi mai haske yake gama saman, daɓen ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa. Na biyu, ba ya miƙa aiki sai ya tuɓe takalmi bayan azahar ya zagaya wurin da tafin ƙafa, hannuwa a baya. Na ɗauka ɗabi'a ce kawai irin ta manya.

Saura gefe ɗaya, wanda ke fuskantar ƙofar shigowa, sai aka kira shi Djougou duba wani pisin. Ya tara mu ya ce, "Dattijo, ka ƙarasa. Ka ga yadda ake yi." Wannan ne karon farko da ya bar mini shantiye, wato wurin aikin, a hannuna. Daren nan na gaya wa Hajara, kuma kafin gari ya waye ta gaya wa Djougou. (Abin da na faɗa shi ne an bar mini gefe ɗaya. Abin da ya isa kunnen Alhaji shi ne ni ke gina otal ɗin.)

To, kafin na haɗu da Maigida na yi daɓen shaguna a kasuwar Arzèkè, kuma a can baƙar kala ake so, don tana ɓoye datti kuma tana ƙyalli. Na tsaya na dubi farin daɓen nan, na ga kamar riga ce da ba a yi wa aiki a wuya ba. Na ce a raina, nan ne ƙofa, nan ido zai fara sauka. Na je na sayo baƙar kala da kuɗina, na zuba a kwaɓin sama, ban yi rowa ba. Sauran komai na bi ƙa'ida, daga zubin asuba har tsintsiya da buhuna. Wani abokin aikina, Musa, ya ce, "Dattijo, patron ya sani?" yana nufin Maigida. Na ce masa alheri ba ya neman izini.

Ranar da Maigida zai dawo, da sassafe muka kwashe buhunan. Gaskiya ya yi kyau. Baƙi wuluk a gefen fari, ga ruwa shuɗi da aka cika jiya. Manajan otal ya zo ya ɗauki hoto yana jinjina kai. Ni kuwa duk kwanakin nan da takalmin roba nake taka wurin, kuma a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu yake. Ban taɓa saninsa a bushe ba. Na koma gida na yi wanka na sa farar rigata ta Juma'a da hula, don Hajara ta ce babanta zai shigo Parakou cinikin shanu, kuma mota ɗaya suka hau da Maigida.

Sun iso bayan azahar, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Alhaji ya shigo da babbar riga da takalmin fata mai kauri, ya tsaya a inuwar rumfar da ke bakin ƙofa. Na taho da sauri. Kowa ya san ba a matsa wa suruki, musamman a shekarar da aka ce a ba da tazara. Na tsaya daidai inda ladabi ya ce in tsaya, wato tsakiyar baƙin daɓena. Na zare takalma na ture su gefe, na durƙusa.

Da farko ɗumi na ji, har na ce a raina ba komai.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Magini. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutanen gida? Yaya wannan annoba da ta zo mana?"

A nan ne ɗumin ya sauya suna. Na ɗaga diddigen dama a ɓoye cikin riga, na hagu ya ɗauki nauyin duka. Na sauya. Alhaji kuwa mutum ne da ba ya gaisuwar jimla. Jikokinsa ɗaya bayan ɗaya yake tambaya, da suna, da abin da ya dami kowa a zuwansa na baya. Ya tambayi haƙorin ƙaramar. Ya tambayi ko babban ya daina gudun makaranta. Ina amsa "Alhamdu lillahi" ina jin tafin ƙafata yana maganar da ba ta dace da wurin ba. Takalmana suna nan kusa, in na miƙa hannu zan taɓa su, amma wane ɗan halak ne zai sa takalmi surukinsa yana cikin magana?

Na saci kallon Maigida Bukari. Yana bayan Alhaji, idonsa a kan baƙin daɓen, daga nan ya koma kan ƙafafuna. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Alhaji ya ce, "Na ji kawunka na wajen uwa ya rasu, ban samu zuwa ba. Mu yi masa addu'a."

Ya ɗaga hannu ya lumshe ido. Maigida ya rufe bakinsa ya ɗaga nasa. Musa da sauran suka ɗaga. Ni ma na ɗaga, wanda ke nufin hannun da nake ɗan dogarawa da shi ya tafi.

Allah Ya jiƙan kawu, amma ban taɓa sanin yana da buƙatu da yawa haka ba. Alhaji ya roƙa masa gafara, ya roƙa wa iyayensa, ya juya kan waɗanda ya bari. Ina ta jera amin tun kafin a kai gaɓa, ko zai gane ya taƙaita. Shi kuwa ya ɗauka shauƙi ne, sai ya ƙara da addu'ar zaman lafiyar ƙasa. Gumi ya jiƙa ƙyallen hancina. Na yi haƙuri da yawa a rayuwata, har ana yabona da shi a unguwa, amma ranar na gane haƙurina a kai yake zaune, bai taɓa sauka ƙafa ba.

Ban yanke shawara ba, ƙafafun ne suka yanke. Daga durƙuso na ji ni a sama, daga sama na ji ni a ruwa, da riga da hula da wayar da ke aljihu. Na nutse na taso, na tarar ruwan iya ƙirjina ne. Daɗin da na ji a tafin ƙafa a wannan lokacin, har yau ban sami abin kwatanta shi ba.

Alhaji bai buɗe ido ba. Na tabbata ya ji ƙarar, don har ruwa ya fallatsa masa a riga, amma ya ci gaba a natse har ya kai Fatiha. Ni kuma daga cikin pisin, ruwa na zuba daga gemuna, na shafa na ce amin tare da kowa.

Sai ya dube ni, ya dubi inda na bari. Ya zare takalmi ɗaya, ya ɗora ƙafa a baƙin daɓen, ya janye da sauri. Ya taka farin, ya bar ta a kai. Ya ce, "Magini, ashe ba ka bar sana'ar gado ba. Tukuba ka gina, nama ne kawai ba ka samu ba sai naka."

Musa ya shige bayan injin kwaɓi, kafaɗunsa na rawa. Maigida Bukari bai yi dariya ba. Ya miƙo mini hannu ya jawo ni ta farin gefen, ya ce wa Alhaji, "Gangaren daidai ne, tsintsiyar daidai ce, ba tsaga ko ɗaya. Hannunsa ya nuna. Tambaya ce kawai bai yi ba." Sa'an nan ya juyo gare ni ya rage murya. "Baƙi rana yake sha, Dattijo. Masu zuwa nan ba su da takalmi, har da yara ƙanana. Kai ka yi, kai za ka fasa, kai za ka sake."

Na yi tsammanin zai karɓe aikin. Bai karɓe ba. Da ƙafa a naɗe da tsumma na zauna a kan bulo ina sassaƙe baƙin nan da guduma. Ranar sake zubi kuwa, muna fitowa daga sallar asuba sai ga Alhaji a kan zemijan, ya fasa komawa Djougou. Ya zauna a kujera yana kallo har na ja tsintsiyar ƙarshe. Da zai tafi ya ce, "Ashe aikin nan naku da lissafi, kamar zaɓen bijimi." A bakinsa ba yabon da ya wuce wannan. Bai kuma taɓa ba kowa labarin pisin ba. Hajara ce ta bayar, har da kwaikwayon tsallen da ba ta gani ba.

Yanzu duk daɓen da na gama, sai na tuɓe takalmi bayan azahar na zagaya, kuma in suruki zai zo, tun da wuri nake zaɓar inda zan durƙusa. Abin da ya salwanta kuwa ba shi da yawa: buhun siminti huɗu, baƙar kalar da na saya, waya ɗaya, hular da ruwa ya lalata, da fatar tafin ƙafa biyu.