Wandon Tergal da Tabarmar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeton makarantu ya zo daga Yawunde don ganin darasina ba. Shekarata ta farko ke nan ina koyar da kimiyyar ƙasa a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Idan aka sallame ni, ban san da wane ido zan dubi Inna ba, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana saƙar tabarma don in yi karatu.

Lokacin ni ɗan gaye ne na ƙin ƙarawa. Na sa tela ya ɗinka mini wandon yadin tergal, ɗamamme cif-cif, babu ko ɗan lanƙwasa. Inna ta juya shi ta ce, "Ɗan nan, kawo in sakar maka hantsar. Ba ka bar masa wurin numfashi ba." Na ce, "Inna, haka ake yayi." (Har da tsaki a zuci, Allah ya yafe mini.)

Darasin kuwa mai wuya na zaɓa, don in burge: yadda dutsen da ke can ƙarƙashin ɓawon duniya yake lanƙwashewa a hankali bai karye ba. Ƙwayoyin ma'adinansa jere suke layi-layi kamar saƙa, amma nan da can akwai layin da ya tsinke. Zafi da nauyi su ke tura wannan ɗan aibin yana matsawa taki-taki, har dutse ya sake siffa.

Don yara su gani da ido, na aro doguwar tabarmar Inna na shimfiɗa a gaban aji. Na ce ba sai an ja ta gaba ɗaya ba. Ɗan tudu za a tayar a wannan baki, a tura shi zuwa wancan, sai ga tabarma ta matsa, kamar yadda ɗan aibin nan ke matsawa a cikin dutse. Na tayar da tudu. Na juya wa aji baya, na durƙusa daidai ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa.

Kyaaat!

Wandon ya yage tun daga ƙugu har hantsa. Aji ya fashe da dariya. Wallahi na so ƙasar da nake bayaninta ta tsage in shige. Da na rasa abin yi, sai na suri tabarmar na naɗe ƙuguna da ita.

Sufeto ya goge hawayen dariya ya ce, "Wa ya gane darasin?"

Wata ɗaliba, Asta, ta miƙe, ta kira shi da Faransanci yadda ake kiran malamai. "Mushe, dutsen yana da inda zai saki, shi ya sa yake lanƙwashewa. Wandon malam ne ba shi da."

A cikin tabarma na ƙarasa darasi, kuma an tabbatar da ni.

A gida Inna ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Zare ta ɗauko, ta saka ƙyallen tsohon zanenta a hantsar, kafaɗunta na rawa don dariya. Launin bai dace ba ko kaɗan, amma shekara huɗu ina durƙuso da wandon bai ƙara cin amanata ba.

Inna ta daɗe da rasuwa, ina kewarta har yau. Tabarmar tana ɗakina. Ni kuwa tun ranar, da tela da ɗalibai da ni kaina, kowa nakan bar masa ɗan wurin numfashi.