Fuskar da ke bangon aji

Ba zan taɓa mantawa da bikin raba kyaututtukan nan ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ni kuma sabon malami a wata sakandare a Gombe, ga wando mai faɗin ƙafa, ga ji da kai. (Littafi ɗaya tal na taɓa karantawa kan zanen Turawan da, amma ji nake kamar ni na rubuta shi.)

Malam Yohanna, malamin zane, mutumin Kaltungo ne marar yawan magana. Sassaƙa hoto yake a jikin katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Ranar ya rataye wata fuska a bangon aji: baki a karkace, kunne ɗaya babu, kuncin dama a tattare kamar ganda. Shugaban makaranta ya ce in zagaya da baƙi, tunda ni ne mai baki.

Na tsaya gaban hoton na gyara murya. Na ce masu zanen zamanin da sukan munana fuska ne don nuna munin zuciya, saboda haka wannan hoton haɗama ne, irin ta 'yan kwangilar da kuɗin mai ya haukata. Na ce su dubi bakin, ya ci haram har ya goce. Aka fashe da dariya, ni kuwa sai ƙara gishiri nake.

Yohanna ya dafa kafaɗata. "Malam, fuskar ƙanena Iliya ce."

Na waiwaya. Wani mutum na tsaye a bakin ƙofa da tsohuwar rigar soja, yana mayar da ƙyalle kan fuskarsa. Kafin ya rufe na ga tabon ƙunar wuta, a kuncin hagu, don katako juya hoto yake. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya na ji cewa tun dawowarsa daga fagen daga bai taɓa leƙo waje daga ɗakinsa na unguwar Barunde ba sai ranar nan. Yayan nasa ne ya lallashe shi ya zana shi, ya yi masa alkawarin mutane za su kalli fuskar ba mai yin dariya. Na je ba da haƙuri, aka ce ba ya ganin kowa. Bai sake fitowa ba sai ranar da aka fito da gawarsa.

Tun daga nan, in aka nuna mini hoto aka ce me na gani, sai in fara tambaya ko ɗan gidan wa ne.