Gwiwar Raƙumin Dawa

A Dajin Marke, ruwa ba ya zama ambaliya sai ya taɓa gwiwar Raƙumin Dawa, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Awo. Doka ta ce duk wanda ambaliya ta ci, a ba shi fili a kan tudun da majalisa ke zama. Doka ce mai kyau. Ba a taɓa bai wa kowa ba.

Da ruwan bana ya shanye kwari, wata tsohuwar gafiya, Gwaggo Lanti, ta hau tudun tana ɗigar taɓo. Raminta ya cika, gyaɗarta ta bi ruwa, jikokinta tara suna maƙale a reshe, ga hadari yana sake haɗowa.

Ta dubi Toron Giwa, shugaban majalisa. "Ranka ya daɗe, ba gaisuwa na zo ba. Fili na zo karɓa."

Sarkin Awo ya yi gyaran murya daga can sama. "Ya ku manyan daji, da ƙafata na shiga kwarin nan. Ruwa bai wuce kofato ba. Abin da aka samu danshi ne."

"Danshi? Kai zanƙalele, danshin ne ya tafi da maƙwabciyata Bushiya? Sauko da kan nan naka ka faɗa mini ido da ido!"

"Gwaggo, a yi ladabi," in ji Toron Giwa.

Majalisa ta yini tana shawara. Ta yaba wa mazauna kwari bisa juriyarsu, ta umarce su da su ƙara tsawon ƙafa kafin baɗi. Aka rataya wa Gwaggo lambar yabo ta dutse, wadda ta fi ta nauyi.

"To, ƙarƙashin tudun fa?" ta tambaya.

Aka duba doka. Doka ba ta san da ƙarƙashi ba.

Kwana bakwai duk mai farce a kwari yana haƙa rami a ƙarƙashin tudun. Ranar zaman majalisa aka kece da ruwa. Sarkin Awo ya miƙe zai yi jawabi, ƙasa ta rufta da shi har wuya.

"Ambaliya! Jama'a, a kawo ɗauki!"

Gwaggo Lanti ta baro jikokinta a busasshen sabon raminsu, ta zo bakin taɓon, ta tsoma ƙafa ɗaya, ta ɗaga ta duba da kyau.

"Haba ɗan nan," ta ce. "Danshi ne."