Yadda Na Rina Rigar Mai Shela

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da hukumar En'e ta gina mana rijiyar siminti ba, zamanin Turawa, a ƙauyenmu kusa da Lambara. Gari ya cika, masu noman albasa sai tarewa suke yi, tsohuwar rijiyarmu kuwa kafin hantsi ta koma laka. Dole mu ɗauki tulu har fadama. Wuyana har yau bai yafe mini ba.

Da aka gama gini, duba-gari ya zo daga Bodinga ya zuba magani a ciki, ya ce kada kowa ya ɗiba sai bayan kwana uku. Wa ya zagaya gari da gargaɗin? Maigidana, don shi ne mai shela. (Daga madafa nake jin muryarsa, har ina yaba masa.)

Rana ta biyu ya ce in wanke masa farar rigarsa, ita kaɗai gare shi, saboda taron buɗe rijiya. Na leƙa randa, ƙaf. Na tuna nisan fadama, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Ranar kasuwar Shagari ce, gari shiru, rijiya ga ta nan bayan dangarmu. Na ce guga biyu ai ba sata ba ce.

Ruwan ya fito da launi, tsakanin ja da shuɗi. Maimakon in tsorata, sai na ce, "Ikon Allah, ruwan Nasara har da bularsa yake zuwa!" Na tsoma riga, na bar ta ta sha sosai.

Kafin la'asar rigar ta bushe, ta koma ruwan goro, dabbare-dabbare. Hannuwana ma haka. Na goga toka, na goga sabulun salo, a banza.

Maigida ya daɗe yana kallon rigar. "Ke, mi kinka yi ma rigag ga?"

Na ce, "Malam, wanki ne."

Haka ya saka ta ranar taro, tunda aro sai an faɗi dalili. A gaban jama'a duba-gari ya dube shi, ya ƙunshe dariya, ya raɗa wa maigari. Maigari ya gyara zama ya ce, "Mai shela, kowa ya ji ka, ban da gidanka?"

Mata suka juyo kaina, ina ta cusa hannuwa cikin zane. Wata tsohuwa ta ce, "Hito da su, ɗiyata, mu ga sabon lalle."

Mako guda Malam bai ce mini ko sannu ba, rigar kuma ta koma ta zuwa gona. Tun daga ranar, in gajiya ta kawo mini shawara, sai in zauna in huta tukuna, sannan in ba ta amsa.